Gishirin da Aka Watsa wa Ham Gapsu

Wanda yake son sanin arzikin da jiharmu ta Gangwon ta taɓa yi, kada ya ɓata takalminsa zuwa ofishin gwamna. Ya zo nan Dalgae ya tambayi sana'o'in da Ham Gapsu ya yi a rayuwarsa. Duk wadda aka ambata masa, to da muna da ita, yanzu kuwa sai labari. Haka mutanen garinmu suke faɗa suna dariya har da riƙe ciki, ni kuma da nake sayar musu da miyar busasshen kifi a bakin tashar jiragen ruwa ina jin su kullum. Maman Misuk ake ce mini. Shekarar da aka kawo ni garin nan amarya, a ita aka kawo Okbun matar Gapsu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Gapsu dogo ne siriri, yana tafiya kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji ciwo. Ba ya faɗa, ba ya caca, giya ma sai an matsa masa. Aibinsa ɗaya ne tak: nawa, wato jan jiki. In ka ce masa ga kasuwa ta buɗe, sai ya ce bari ya ga yadda za ta kaya da waɗanda suka fara shiga. Zai tsaya yana kallo shekara da shekaru, sai kowa ya gina gida ya sa haƙorin zinariya, sannan ya ɗaure kayansa ya ce wa Okbun ya yanke shawara. Ita kuwa sai ta ce, "Sannu da sauri, maigida."

Haka ya yi da kwal. Lokacin da samarin garin nan suka hau tsaunuka suka shiga ramukan haƙa, ana cewa a can ko kare da takardar kuɗi a baki yake yawo, Gapsu yana nan yana noman dankali da masara a gonar da ubansa ya bar masa, yana nazari. Da ya gama nazarin ya je, bai daɗe ba mutanen birni suka koma girki da gas, aka ce kwal ya daina riba, aka toshe ramin da yake aiki. Ya dawo gida da tari da hular kwano mai fitila a goshi. Okbun ta mayar da hular wurin ɗiban abincin kaji.

Sai kifi. Myongtae ai shi ne uwa shi ne uba a gaɓar nan. Da sanyi ya shigo jirage kan dawo shaƙe har ruwa yana lasar bakinsu, mu mata muna feɗewa har hannayenmu su tsattsage, a rataye a kan katakai ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, har ya bushe ya yi ruwan ɗorawa. Manyan ba su ishi mazan garin nan ba. Suka koma kan 'ya'yan, waɗanda ba su kai tsawon tafin hannu ba, suka ce wai wannan wani kifi ne daban, ba dangin wancan ba ne. Suka sa taru mai ƙananan idanu suka yi ta kwasa, ana busarwa ana kai wa mashaya a birni su tauna. Gaba-gaba a wannan aikin shi ne Shim Pansu, mai jirage uku a lokacin, wanda yanzu shi ne mai unguwarmu. Gapsu dai yana tudu yana kallo, sai da Shim Pansu ya ɗora bene a kan gidansa sannan ya sauko ya nemi aiki a jirginsa.

Shekarar farko, kamun ya ragu. Ta biyu ya ƙara raguwa. Kafin a ankara sai a fita tun asuba a dawo da kifin da bai fi a ɗauka a kwando ɗaya ba. Ranar nan a shagona, Shim Pansu ya sha ya yi tatil, ya nuna Gapsu da tsinken cin abinci ya ce, "Kai ƙanena, tsaya. Ka je kwal, kwal ya ƙare. Ka shigo jirgina, teku ta bushe. Anya ƙafar nan taka ba fara ba ce?"

Aka kwashe da dariya, shi ma Gapsun ya yi. Da ya san abin da dariyar nan za ta haifa da ya tashi ya fasa wa Shim Pansu kwano a ka, amma kafin ya yanke shawarar jin haushi an yi wata biyu, magana ta riga ta zagaye gari. Laifi tudu ne. Mutanen da suka cinye 'ya'yan kifi tas suna mamakin rashin iyaye, yanzu sun samu inda za su sauke kayan. Aka sallame shi daga jirgin, kuma babu mai jirgin da ya sake yarda ya taka masa katako.

Daga nan gishiri ya fara. Gishirin nan da ake watsawa a bayan wanda ya dawo daga jana'iza, ko mai shigo maka shago da sassafe ya fita bai sayi komai ba, shi aka koma watsa wa Gapsu. Ya shiga kanti ya sayi ashana, yana juya baya ka ji shaaa a bakin ƙofa. Ya je gaida mara lafiya, shaaa. Matar Shim Pansu har wani kwano na musamman ta ajiye a bakin ƙofa kusa da takalma, ga ta da saurin hannu, wani lokacin ma tun bai gama ficewa ba gishirin yake sauka a wuyan rigarsa. Shi dai sai ya kakkaɓe ya wuce.

Okbun ce ba ta kakkaɓewa ta wuce. Gajeriya ce, ƙaƙƙarfa, mai baki kamar reza. Ta sayi ɗan tsintsiya da abin kwasar shara, duk inda mijinta zai je tana biye. Ana watsawa sai ta durƙusa ta share tsaf, ta juye a jaka, ta ɗago ta ce wa mai gidan, "An gode, yaya. Gobe ma za mu biyo, a ɗan ƙara yawa, lokacin kimchi ya matso." Ta wanke shi, ta tace, ta shanya, ta jiƙa kabejin da take tsimawa ya zama kimchi da shi. Shekaru suka yi ta wucewa Okbun ba ta sayi gishiri da kuɗinta ba, kuma kimchinta ya fi na kowa daɗi a Dalgae. Ni na ci, na kuma nemi ƙari.

Ba zan ce ban taɓa yi wa Gapsu dariya ba, domin shi ma bai taimaki kansa ba. Da aka koma kamun ojingo, naman tekun nan mai ƙafa goma da ake yaudara da fitilu, ya jira sai da kowa ya ƙoshi sannan ya je wata tasha can kudu inda ba a san shi ba. Ruwan teku ya ɗumama, ojingo ya yi ƙaura arewa. Ya dawo ya ce to shi da teku haihata-haihata, ya hau gonakin kabeji na kan tudu inda ake taƙama da sanyi ko a tsakiyar bazara. Shekarar aka yi zafin da kabeji ya narke a tsaye, gona tana wari kamar an fasa ƙwai. Da labarin ya iso, wani a shagona ya ce don Allah kada a bar Gapsu ya shiga sana'ar giya.

Okbun ta rasu a ƙarshen wata kaka, bayan an haƙe dankali. Ina zaune a gefenta lokacin da take ba shi wasiyya. Bayan garinmu akwai dutsen da muke kira Kwantacciyar Saniya, don haka siffarsa take, kai wajen teku, gindi wajen tsaunuka. Gonarsu tana daidai kafaɗar saniyar. Okbun ta ce a binne ta a saman gonar, inda za ta riƙa hango teku tana kuma ganin ko ya yi ciyawa.

"Na bi ka rami, na bi ka ruwa, na bi ka tudu," in ji ta, "duk inda muka je abin ƙarewa yake yi. To ka sa ni a kan dutse. Dutse dai ba ya ƙarewa, ko kai ne ka taka shi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Shi kuwa Gapsu kuka yake yi kamar yaro, ni ma na kasa riƙe nawa. Ya yi mata yadda ta ce. Ya tara mata tudun ƙasa mai kyau, ya dasa ciyawa, kullum da safe sai ya hau ya zauna ya ba ta labarin wanda ya watsa masa gishiri jiya. Bai haihu da ita ba, ba shi da kowa, kabarin nan shi ne gidansa na gaskiya, na ƙasan wurin kwana ne kawai.

Ana nan sai ga wasu mutane da fararen motoci suna huda Kwantacciyar Saniya suna ciro dutse kamar rake. Ashe cikinta duk dutsen siminti ne, fari sol. Wani kamfani ya sayi bayan dutsen daga hannun magadan da ke zaune a birni, waɗanda ko hanyar garin ba su sani ba, ya ce zai fara daga wutsiya ya ci har kai. Gari ya tashi. Muka ɗaura jan ƙyalle a goshi, muka rataya tutoci, Shim Pansu yana ta ihu a lasifikar unguwa cewa sai dai a bi ta kan gawarsa, dutsen kakanni ne, ƙura za ta kashe dankali, ruwan sha zai ɓaci. Muka cika mota muka je ofishin gunduma, aka ba mu ruwan lemo aka ce za a duba. Kamfani ya kafa ƙofa, ya kawo manyan motoci, ya fara fasa wutsiya da nakiya.

A nan ne Shim Pansu ya yi tunanin da har yau yake ganin ya fi na kowa a tarihin garin. Kamfanin yana neman tsoho ɗan gari da zai zauna a bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda. Da yamma sai ga mai unguwa da dattawa biyu a gidan Gapsu, gidan da ba su taɓa shiga ba ko ranar rasuwar Okbun sai daga bakin ƙofa. Sun zo da naman sa a kwali da kwalaben maganin ƙarfin jiki. Gapsu da bakinsa ya ba ni labarin.

"Ƙanena," in ji Shim Pansu, "gari yana cikin wani hali, kuma kai kaɗai Allah ya ba abin da zai fitar da mu."

"Ni kuma? Me nake da shi, yaya?"

Shim Pansu ya kalli ƙafarsa. Dattawan ma suka kalla, da girmamawa, kamar masu kallon saniyar da ta ci gasa.

"Ka rufe ramin kwal," in ji ɗaya dattijon. "Ka kwashe kifin teku guda. Ɗan wannan kamfanin me zai gagare ka?"

Gapsu ya ce su ɗauki namansu su tafi. Ya ce tun gashinsa yana baƙi yake gaya musu ƙafarsa irin ta kowa ce, yatsu biyar, har da kaushi. Suka tafi suka bar naman. Abin mamaki, ranar babu wanda ya watsa gishiri, sai ma sunkuyawa da suka yi suna fita da baya.

Washegari ya zo shagona ya zauna a kusurwarsa, miya tana hucewa a gabansa bai taɓa ba.

"Maman Misuk, ke kin yarda da maganar ƙafar nan?"

"In na yarda ai da tuni na rufe shago, tun yaushe kake cin miyata? Nawarka ce kawai, kai ne kullum mai zuwa biki bayan an wanke kwanuka."

"Ni ma ban yarda ba." Ya juya cokali a cikin miyar. "Sun ce in aka ci wutsiya da gadon baya, kafaɗa ce ta gaba."

Na san wa ke kwance a kafaɗar.

"Duk rayuwata ina roƙon a gane ƙarya ce," ya ce. "Yau kuma ina roƙon ta zama gaskiya. Ko sau ɗaya."

Wannan ne karo na farko da na ga Gapsu ya yanke shawara a kwana ɗaya. Aka ba shi riga mai ƙyalli da hula da sanda mai jan wuta, ya kama aiki. Kai, ban taɓa ganin mutum ya yi wa mugun abu biyayya irin haka ba! Yana isa da safe sai ya zagaye shingen kaf yana dira ƙafa kamar mai kashe kiyashi. Kowace mota ta zo wucewa sai ya shafa mata taya da takalmi. Ya roƙi direban babbar motar haƙa ya bar shi ya hau ya zauna wai yana sha'awa, ya tattake ko'ina har da sitiyari. Ofishin manaja ma ya ce shi zai riƙa sharewa kyauta. Manaja Pyo, wani saurayi ɗan birni mai gilashi, har a taro ya yabe shi, ya ce bai taɓa ganin tsoho mai son aikinsa haka ba.

A gari kuwa Gapsu ya zama ango. Matar Shim Pansu da kanta take aika masa da dafaffiyar masara. Ranar da tayar wata mota ta fashe a kan gangara, aka yanka kaji a zauren tsofaffi, aka zaunar da shi a kan gaba, wani har ya tsiyaya wa takalminsa giya. Ni ina kallonsu ina cewa a raina, ku ci gaba, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aka canja taya, aiki ya ci gaba. Wutsiya ta tafi. Mutane suka fara ƙunƙuni, sai wata tsohuwa ta gano matsalar. Ranar buɗe wurin, kamfani ya yi irin abin da kowa yake yi in ya buɗe shago ko ya sayi jirgi: an ajiye abinci an rusuna, an naɗe busasshen myongtae da farin zare an rataye shi a saman ƙofa, baki a buɗe, ido a buɗe, yana tare duk wani mugun abu. To ta ƙarƙashin kifin nan Gapsu yake wucewa kullum, yaya ƙafa za ta yi aiki? Shim Pansu ya ce lallai kam, ga shi kuma kifin Rasha ne, tunda namu ya ƙare daga can ake sayowa, kifin da ya sha sanyin Rasha ai ba ƙaramin abu ne zai kayar da shi ba. Bai ko ji kunyar ambaton ƙarewar namun ba.

Gapsu ya sa tsani da rana tsaka lokacin cin abinci ya sauko da kifin, ya kawo mini a cikin rigarsa. Na buge shi da muciya na yayyaga, na soya da man riɗi, na fasa ƙwai a kai. Ya shanye miyar tas har da kan, yana zufa, yana cewa to yanzu mu gani. Manaja Pyo ya ce wataƙila hankaka ce ta ɗauke, ya aika aka sayo guda biyu aka rataye.

Shekarar ba ta ƙare ba kamfani ya kira taro a zauren tsofaffi. Ni ba ni da gona, hayar shago nake yi, don haka babu wanda ya nemi hatimina, shayi kawai na je rabawa. Manaja Pyo ya rusuna har ƙasa, ya ce sun san ƙura tana damunmu. Duk gidan da ke da gona za a riƙa ba shi kuɗin ƙura kowace shekara muddin ana aiki. Za a sake gina zauren, a sa kujerun nan masu tausa. Za a ɗauki 'ya'yan gari tuƙin mota. Kowace bazara kuma za a kwashi tsofaffi a kai su wurin wanka da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, kamfani zai biya. Wanda yake da kabari a dutsen a biya shi ya matsar.

Na dubi Shim Pansu, mai cewa sai an bi ta kan gawarsa. Gawar tana nan zaune tana tambaya ko kujerun suna tausa ƙafafu ma ko baya kawai. Kafin shayi ya huce jan ƙyallayen goshi sun koma aljihu, hatimai sun fito. Mutum ɗaya ne bai buga ba, yana bakin ƙofar kamfani yana shafa wa taya takalmi, ba a ma gaya masa ana taro ba.

Ka lura da kalmar nan ta manaja, muddin ana aiki. Ita ta hana garin barci. Ba a jima ba belin injin da ke jan dutse zuwa tasha ya tsinke, aiki ya tsaya kwana da kwanaki, kuɗin farko da aka yi alkawari ya makara. Belin da a watan jiya da an yanka masa sa don murna, yanzu ya sa mata suna salati a bakin famfo. Ɗan Shim Pansu ya riga ya karɓi babbar mota. Kowa ya tuna da wanda suka dasa a bakin ƙofa da hannunsu.

Mai unguwa ya sa rigar zuwa biki ya je wurin manaja ya kwashe komai ya faɗa masa: kwal, kifi, ojingo, kabeji, har da hankakar da ta ɗauke myongtae. Abu ɗaya ya manta, wanda ya kai naman sa. An ce Manaja Pyo ya yi dariya ya ce shi ya yi karatu, bai yarda da irin wannan ba. Amma shi ɗin ne dai ya rataye kifi biyu. Kashegari ya kira Gapsu ya ce kamfani ya lura shekarunsa sun ja, ƙura ba ta dace da mai tari ba, ga kwalin sabulu na godiya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ina tsaye a wurin ranar da ya fito, domin na kai wa direbobi abinci. Mutanen Dalgae sun zo da buhu guda na gishiri a kan amalanke, irin wanda ake saya lokacin kimchi. Gapsu ya wuce su da kwalin sabulunsa, yana ba su baya suka hau watsawa da hannu bibbiyu, bakin ƙofa ya yi fari kamar an yi dusar ƙanƙara. Don haushi na ce musu abin da ba zan maimaita a nan ba, na haɗa da iyayensu. Shi kuwa ya tsaya, ya juyo, ya ajiye kwalin. Ya cire hularsa, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya riƙa tattara gishirin da tafin hannu yana zubawa a ciki har ta cika.

"An gode, yaya," ya ce wa matar Shim Pansu. Muryarsa ba irin ta Okbun ba ce, ba ta da kaifi ko kaɗan, shi ya sa ta fi ciwo.

Aka kakkafa fararen turaku masu lamba a kan kaburburan kafaɗa. Kowa ya tone nasa da wuri ya karɓi abin karɓa. Gapsu ya koma halinsa, yau ne gobe ne, har kabarin Okbun ya rage shi kaɗai a tsakiyar jar ƙasa, motoci suna zagaye shi kamar tsibiri. Da watan ƙari ya kama, wanda ake ƙarawa a lissafin wata a wasu shekaru, watan da ake cewa na sama da na ƙasa ba sa lura da abin da mutane suke yi, ba shi da sauran uzuri. Ya ɗauko masu tono biyu daga wani gari, domin a namu babu mai taya shi. Na rufe shago na bi su.

Muka kafa rumfa don kada rana ta ga ƙashi. Ya tsiyaya giya, ya rusuna, ya ce, "Okbun, kada ki firgita, ni ne. Za mu tashi." Da aka kai ƙasa, babban mai tonon ya ɗaga ƙashin hannu ya duba, sannan ya kira abokinsa ya gani. Ƙasusuwan sun yi rawaya kamar zuma, a bushe, babu saiwa babu ruwa. Ya ce tun da yake wannan aiki bai fi sau biyu ya ga irinsu ba, wannan shi ne makwancin da masu kuɗi suke yawo da masu duba suna nema, wanda ake cewa yana jawo wa gida alheri. Ya tambaya wane gwani ne ya zaɓi wurin. Gapsu ya ce ita ce ta zaɓa, don ta ga ko ya yi ciyawa.

Ya jera ta a kan farar takarda tun daga kai har yatsun ƙafa, ya naɗe, ya sa a akwati, ya ɗaure da farin ƙyalle a ƙirjinsa. Na ce, "Gapsu, ina za ka kai ta?"

"Ban yanke shawara ba tukuna," ya ce.

Mutanen kamfani ba su ko jira mun yi nisa ba. Muna isowa gaban sabon zauren tsofaffi jiniyar kamfani ta yi kuka, sai ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu. Muka juya. Kafaɗar Saniya ta ɗaga sama kaɗan, ta zauna, ta zube, farar ƙura ta taso ta nufo gonakin dankali. Inda kabarin yake da gonar duk babu, sai sararin sama a wurin da ba mu taɓa ganin sama ba.

Gapsu ya tsaya a bakin zauren da akwatin a ƙirji. Ta taga kana hango tsofaffin garin jere a kujerun tausa, jikinsu yana karkarwa, idanu a lumshe. Bai taɓa ɗaga murya ba a sanina, amma ranar har tasha an ji shi.

"Yaya Pansu! Ku fito!"

Suka fito da safa a ƙafa, suna ƙifta ido. Ya nuna musu dutsen da haɓarsa, don hannayensa suna riƙe da Okbun.

"Ta ce dutse ba ya ƙarewa. Ga shi nan yana ƙarewa. Ku dube shi da kyau, ku kuma shaida, wannan karon ba na wurin."

Suka juya suka dubi dutsen. Matar Shim Pansu ta riga ta cika hannunta da gishiri tun da ta hango shi tafe da ƙashin mamaci. Ta tsaya da shi a dunƙule, ta dubi Gapsu, ta dubi dutsen, ta dubi mijinta, har gishirin ya fara zubowa ta tsakanin yatsunta a kan ƙafarta.